Zanen Inna da tukunyarta: abin da hannu zai iya yi bayan rasuwar iyaye

Waɗanda aka yi wa rasuwa tun bayan fitowar takardarmu ta baya, a nan Yawunde ne ko a Minawawo ko a sansanonin Gabas da Adamawa, muna yi muku ta'aziyya. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba ku haƙurin rashi.

Yawancin abin da muke rubutawa a wannan shafi maganar takardu ce: sabunta kati, rajistar haihuwa, makarantar yara. Yau za mu taɓo abin da ba shi da layi a fom ɗin ofis, amma mu masu tafinta muna jin sa kusan kullum. Mutum zai zo da maganar kati, a gama, har ya miƙe zai fita, sai ya juyo ya ce tun da tsohuwarsa ta rasu ba ya barci. Wata ta ce tunani ya yi mata yawa, wani ya ce ƙirjinsa kamar an ɗora masa dutse. In jami'a ta tambaye shi yaya yake ji, amsar ɗaya ce, alhamdu lillahi. Mu kuwa da muke zaune a tsakani muna ganin fuskarsa, kuma labarin zuciya a tambayi fuska.

A gida, mutuwa tana da hanyarta. A yi wanka, a sa likkafani, a yi sallah, a kai kabari, a dawo a zauna makoki kwana uku, maƙwabta na shigowa da kwanon abinci, dangi na zuwa daga ƙauyuka. Duk wannan yana taimaka wa zuciya ta yarda cewa abin ya faru. Da yawa daga cikin waɗanda suka fito daga Gwoza da Bama a 2014, ko daga Bangi da Boda da Yaloke a farkon shekarar nan ɗin, ba su samu wannan ba. Wani a waya ya ji. Wani a hanya ya binne mahaifinsa, yau ko da an mai da shi wurin ba zai gane kabarin ba. Wasu kuma sun iso da tsohon nasu lafiya, ya rasu a nan, a ɗakin haya a Briketeri ko Elig-Edzoa, aka yi jana'iza da mutanen da ba su san sunan garinsa ba. Kuma tsoho a gudun hijira ba uba ko uwa kaɗai ba ne. Shi ya san iyakar gona, shi ya san wane ya haifi wane, ita ta san yadda ake miyar gidan. Da rasuwarsu, sai mutum ya ji kamar an sake raba shi da garinsu.

Ko mai shekara hamsin ne, ranar da ya rasa uwa maraya ne. Muna faɗin haka domin sau da yawa akan lallashi yara a manta da babba, musamman ɗan fari wanda nauyin gidan ya faɗo masa, ga kunya ta hana shi ko ambaton sunan mamacin.

Haƙuri ba shi ne shiru ba

Kalmar da muke gaisa da mai makoki ita ce haƙuri, kuma kalma ce mai kyau. Sai dai wasu sun ɗauka ma'anarta kada a yi kuka, kada a ambaci mamaci, a tashi a ci gaba kamar ba a yi komai ba. Malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya kuma ziyarci kabarin mahaifiyarsa ya yi kuka har na kusa da shi suka yi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da faɗin maganar da ba ta dace ba. Hawaye da kewa ba su ɓata haƙuri.

Masu ba da shawara da muke yi wa tafinta suna yawan kawo wani bayani da muke ganin ya dace da abin da idonmu ke gani. A 1999, wasu masana biyu a jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, sun bayyana cewa mai makoki yana kai da kawowa ne tsakanin abu biyu. Wani lokaci yana fuskantar rashin, yana tunawa, yana kuka. Wani lokaci yana juya masa baya, ya kama harkar rayuwa, neman abinci, kuɗin haya, yara. Lafiya tana cikin kai da kawowar. Wanda ya maƙale a gefe ɗaya shi ne ke wahala: ko ya kwanta da tunani dare da rana, ko ya yi ta gudu da aiki har ranar da jiki zai kayar da shi.

To, a nan ne aikin hannu yake shigowa. Mace tana ɗinka zanen uwarta, zanen yana hannunta, tana jin laushinsa, tana tuna ranar sunan da aka ɗaura shi, ke nan tana fuskantar rashin. Amma dole ta lura da allura, ta ƙirga gutsure, ta daidaita baki da baki, ke nan tunanin bai samu ya tafi da ita gaba ɗaya ba. Aikin yana da farko yana da ƙarshe, ana iya ajiye shi a ɗauka gobe. Ga wanda zamansa duk jira ne, jiran kati, jiran rabon abinci, jiran labarin gida, samun abu ɗaya da shi ke yanke yaushe za a fara da yaushe za a gama ba ƙaramin abu ba ne. Sannan mutane sun fi iya magana in hannunsu na aiki, idonsu ba ya cikin idon kowa. Abin da ba a faɗa mana a ofis cikin awa guda, akan faɗe shi a kan tabarma wajen tsinkar zogale.

Bargon gutsure

Wannan ba baƙon abu ba ne da aka kawo mana daga Turai. Lifidin da ake sa wa dawaki a hawan sallah a Kano da Katsina da fadojin Lamido na Garwa da Ngaundere, ai ƙyalle ne sama da ƙasa, auduga a tsakiya, a bi da ɗinki layi-layi. Iyayenmu mata sun san maho, sun san yadda ake haɗa tsofaffin zannuwa a yi shimfiɗar jariri. Matan Borno kuma duniya ta san su da ɗinkin hula, har hular Bama ta yi suna.

Wasu 'yan gudun hijirar ma sun riga mu. Mutanen Hmong da suka gudu daga Laos bayan 1975 suka zauna a sansanin Ban Vinai a ƙasar Tailan, sun riƙa ɗinka labarinsu a kan ƙyalle: ƙauyen da aka bari, sojoji, ƙetare kogin Mekong. A ƙasar Chile kuma, bayan juyin mulkin soja na 1973, matan da aka kama mazansu da 'ya'yansu aka ɓatar sun riƙa haɗuwa a ƙarƙashin cocin Katolika a birnin Santiago suna ɗinka hotuna a kan buhu, wani lokaci da guntun rigar wanda ya ɓace. Ba wai zare ya dawo musu da kowa ba ne. Ya dai ba su wurin haɗuwa, da abin sayarwa, da hanyar faɗin abin da baki ya kasa.

Kafin kowa ya ɗauki almakashi, akwai magana mai nauyi, kuma a nan muka fi son ku tsaya. Tufafin mamaci gado ne. A shari'a, abin da ya bari ana fara fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a cika wasiyya wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sannan saura na magada ne duka. Zanen da ke cikin jakarki don ke kika yi jinya ba naki ke kaɗai ba ne, akwai haƙƙin ƙaninki da ke Maiduguri da yayarki da ke Gado-Badzere. Mun ga zumunci ya tsinke a kan riga ɗaya, ba don tsadarta ba, don ita kaɗai ta rage. Saboda haka a fara kiran 'yan'uwa, ko da saƙon murya ne ta WhatsApp, a faɗa musu abin da ake son yi, a ji yardarsu. In cikin magada akwai ƙaramin yaro, ba wanda yake da ikon yafe rabonsa a madadinsa. Abin da ya fi sauƙi shi ne a yi wa kayan kuɗi, wanda zai ɗauka a lissafa a rabonsa ko ya biya. Duk inda abin ya rikice, a je wurin malamin da ya san rabon gado, a masallatan Briketeri da Tsinga ba a rasa su. 'Yan'uwanmu Kirista su ma su zauna da iyali da dattawan coci kafin a yanka komai.

Na biyu, a laluba aljihu da kalmasa da ƙugun wando da cikin matashin kai. Tsofaffi da yawa sun ɗinke kuɗi da takardu a cikin tufafi lokacin gudu: takardar gona, takardar haihuwa, tsohon katin zaɓe, lambar wayar wani ɗan'uwa. Irin wannan takarda tana iya zama hujja a ofis ko ranar komawa gida. In an samu laya ko rubutun ayoyi, a ware a kai wa malami. In kuma cuta mai yaɗuwa ce ta yi ajalin mamacin, kamar kwalara, a bi abin da ma'aikatan lafiya suka ce game da kayansa, ko da ba daɗi.

Akwai masu jin tsoron taɓa kayan mamaci ko sa su. Addini bai hana ba. Haka kuma bargon da za a ɗinka ba shi da wani asiri, ba ya kare kowa daga komai, bargo ne na rufa da tunawa.

Yadda ake yi kuwa ba wuya. A wanke tufafin, a shanya, a goge in da hali. A duba inda ya ci wuya, a ɗaga shi a rana, duk inda haske ke ratsawa sosai a bar shi, domin zai yage ya ja na kusa da shi. A yanki kwali mai kusurwa huɗu, kowane gefe taƙi ɗaya, wato kamar santimita 20, shi ne ma'auni. A ɗora shi a kan ƙyalle, a zana da alli ko guntun sabulu, a yanka. Zane ɗaya mai yadi biyu, in bai lalace ba, yana ba da gutsure wajen 45. Bargon yaro yana cin 48, shida a faɗi, takwas a tsawo. Ku lura da wannan lissafi, domin shi ne maganin rigimar da muka ambata: zane ɗaya zai ishi 'ya'ya biyar, kowa ya samu gutsure tara ya sa a tsakiyar nasa bargon, sauran a cike da wasu ƙyallaye. Gutsure tara kuwa suna shiga ambulan, duk mai tafiya Ngaundere a jirgin ƙasa ko Marwa a mota zai iya kai wa.

Ƙyallayen cikawa kuma, wanda ke Yawunde ya yi sa'a. Briketeri unguwar teloli ce da masu sayar da yadi, kowace yamma ana share guntayen shadda da atamfa daga ƙarƙashin keke. A je da sallama, a faɗa wa tela abin da ake so da su. Wani zai bayar kyauta, wani zai ce a ba shi na goro. A zaɓi masu kauri ɗaya da zanen, kada a haɗa leshi da kaki, in ba haka ba wanki ɗaya zai murɗe bargon.

Ana haɗa gutsure biyu fuska da fuska, a ɗinka a bar baki kamar faɗin ɗan yatsa. A yi layi na shida, a yi irinsa takwas, sannan a haɗa layukan. Wannan shi ne fuskar bargon. A shimfiɗa wani zane mai ƙarfi a ƙasa, a ɗora tsohon bargo a tsakiya, ko da irin wanda aka raba mana ne ya tsufa, a ɗora fuskar a sama. A kama su da manyan ɗinki na wucin gadi don kada su zame. Sai a fara ɗinkin gaske daga tsakiya zuwa baki, layi bayan layi, tsakaninsu kamar yatsa uku. Daga tsakiya ake farawa domin in an fara daga baki ƙyallen zai taru ya yi tudu a ciki. A ƙarshe a naɗe bakin a kalmashe. Roƙo ɗaya: kada a yanka gidan sauro a yi ciko da shi, mun san ana yi, kuma zazzaɓin Yawunde ba ya wasa.

Ba dole sai bargo ba. Gutsure huɗu sun isa rigar matashin kai. Hannun rigar Baba zai yi jakar allo ko ta littattafan jikansa. Gefen zanen Inna zai yi majanyi, jikan da ba ta gani ba a goya shi da shi. Namiji da ke jin allura ba tasa ba ce, ya kai wa tela ya zauna kusa da shi, ko ya gyara carbin tsohon da ya tsinke, ko ya sa wa fartanyarsa sabuwar ƙota. Ko da yake a unguwar nan maza ne ke kan yawancin kekunan ɗinki, ba mu ga abin kunya ba.

Wanda kuma ya fito ba da ko tsinke ba fa? Su ne suka fi yawa. Wata baiwar Allah, da izininta muke faɗa, ta yi makonni tana zaga rumfunan yadi har ta samu atamfa mai kama da wadda uwarta ke ɗaurawa ranar kasuwa. Ba ita ba ce, ta sani, amma da babu gara ba daɗi. Wasu sukan ɗinka sunan garinsu da zare a kusurwa, ko siffar bishiyar ƙofar gidansu.

Kada a yi gaggawa. Wata za ta iya buɗe jakar bayan arba'in, wata sai bayan shekara biyu. In an fara aka ji ƙirji ya cika, a ninke a ajiye. Kuma yankan farko shi ne mai wuya, ya fi kyau a yi shi da wani a kusa.

Tukunya

Ƙamshi ya fi komai saurin tayar da tunani. Likitoci sun ce hanyar da ƙamshi ke bi a ƙwaƙwalwa tana manne da wuraren da ke riƙe da tunawa da motsin rai, shi ya sa mutum zai wuce wani lungu a Briketeri, ya ji ana soya man shanu ko daddawa ta faɗa a miya, sai ya ga hawaye kafin ya san dalili. Wasu saboda haka sukan daina dafa abincin gida gaba ɗaya, su koma burodi da bobolo. Ba laifi na ɗan lokaci. Amma in an daɗe, yara za su tashi ba su san ɗanɗanon gidansu ba, kuma wanda ya iya ɗin ya riga ya tafi.

Abinci da makoki sun daɗe tare. Da labarin rasuwar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina, Annabi ya umarci a dafa wa iyalinsa abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Nana A'isha kuma, in an yi rasuwa a danginta mata suka watse, takan sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, ta ce a sha, domin ta ji daga Annabi cewa yana sanyaya zuciya yana rage baƙin ciki. Kununmu na gero ko na gyaɗa shi ne ɗan'uwansa na kusa. Mai makoki da abinci ba ya shiga bakinsa, kunu mai ɗumi yakan shiga. Har wa yau an ruwaito cewa bayan rasuwar Nana Khadija, in Annabi ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta. Wannan sunna ce mai sauƙi da kowa zai iya: ka dafa abin da tsohuwarka ke so, ka kai wa tsohuwar da suke hira tare.

Ku duba ta ina abincin ya bi a labarin Ja'afar. Daga maƙwabta ya shiga gidan makoki, ba daga gidan makoki ya fita ba. Muna faɗin wannan da gangan. Malamai sun saɓa a kan sadakar uku da bakwai da arba'in, kuma wannan takarda ba wurin raba wannan gardama ba ne. Abin da ya shafe mu shi ne, mun ga iyalai sun sayar da rabon abincinsu na wata, ko sun ci bashi, ko sun jinginar da katinsu, don kada a ce ba su yi wa tsoho arba'in ba. Ga rabon abincin ma an sha rage shi a 'yan shekarun nan. Faranti ɗaya na ƙosai ko waina da aka raba wa yaran layi ranar Juma'a sadaka ce. Katinku kuma ba abin jingina ba ne a hannun kowa, a kan kowane dalili.

Wanda bai koyi girkin ba kafin a rasu, kada ya ce shi ke nan. Akwai gwaggo, akwai inna ƙanwar uwa, akwai kishiyar uwa, akwai maƙwabciyar da suka yi shekara talatin suna aron turmi. A kira su a tambaya dalla-dalla: yaushe take sa kanwa, daddawar kalwa ce ko ta batso, tana soya albasa ko ɗanya take zubawa, burabuskon nata da wace miya. A ajiye saƙon muryar, a sa yaro ɗan makaranta ya rubuta a littafi, da boko ko da ajami. Tsofaffin nan suna jin daɗin tambayar fiye da yadda kuke zato, su ma rashin ya taɓa su, kuma ba mai zuwa musu gaisuwa. Kayan miya na Arewa, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, gero, ana samunsu a Briketeri da kasuwar Mokolo. Yakuwa a nan folere ake ce mata, in za ku tambaya a kasuwar Elig-Edzoa.

Mu faɗa muku tun yanzu, ba zai yi daidai da nata ba. Ruwan daban, itacen daban, tukunyar daban, hannun daban. Ranar farko wataƙila ku ci da kuka. A ci gaba da yi. Bayan sau biyar ko shida, wani yaro zai ce yau miyar Kaka aka yi, alhali shi naki ya sani. Maza ma suna da nasu. Yawancin masu tsire da kilishi da suka sa unguwar nan ta yi suna a duk Yawunde a wurin iyayensu suka koyi haɗin yaji, ƙuli-ƙuli nawa, citta nawa, kanumfari da masoro nawa. Wanda uba ya bar masa irin wannan, ya koya wa ɗansa tun yana raye.

Matan zumunta a coci da matan islamiyya da 'yan adashe sun riga suna da ranar haɗuwa. Ba sai an jira wata ƙungiya ta kawo keke ba. Mata huɗu, tabarma ɗaya, allura huɗu, an fara. In daga baya hannu ya faɗa har ana sayarwa, madalla, amma na farkon nan a bar shi a gida.

In ba a tabbatar da rasuwar ba

Duk abin da muka faɗa a kan yanka tufafi bai shafi wanda mahaifinsa ya ɓace ba. A 2019 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ce kusan mutum 22,000 aka kai mata rahoton ɓacewarsu a Najeriya saboda rikicin arewa maso gabas, adadin da ya fi na kowace ƙasa a rajistarta a lokacin. Iyalan waɗannan suna tsakanin fata da makoki, ba a yi musu ta'aziyya ba, ba a yi musu barka ba. A shari'a ba a raba kayan wanda ya ɓace sai an tabbatar da rasuwarsa ko alƙali ya yanke hukunci. Maganar sallar ga'ib da matsayin matarsa, malami da alƙali ne za su faɗa, ba maƙwabta ba. A ninke kayansa a ajiye. Girkin kuwa ana iya yi, a ambace shi, a yi masa addu'a duk inda yake. A kuma je Red Cross, wadda a nan ake kira Croix-Rouge, a buɗe takardar nema. A tafi da cikakken sunansa da laƙabinsa, sunan iyayensa, wurin da aka gan shi na ƙarshe da lokacin, da hoto in akwai. Kyauta ne.

Yara kuma a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu. Kada a ce wa yaro Kaka ta yi tafiya ko Baba ya je kasuwa. Yaron da ya taso a gudun hijira ya san mutane na tafiya su dawo, zai yi ta tsaron ƙofa, ranar da ya gane kuma zai daina yarda da maganarku. A ce ta rasu, ba za ta dawo ba, ba laifin kowa ba ne, kuma ga wanda zai kula da shi. A ba shi aiki a cikin abin da ake yi: ya zaɓi gutsuren da zai zauna a tsakiya, ya zura zare, ya tsince wake. In ya koma fitsarin kwance ko ya manne wa babba, ba iskanci ba ne, kada a doke shi.

Akwai inda allura da muciya ba su isa ba. Tun 2022, kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince cewa akwai makokin da ke zarcewa ya zama ciwo mai bukatar magani: an wuce aƙalla wata shida, kuma an zarce abin da al'adar mutanen ta saba, amma kewar tana nan da zafinta na ranar farko, har ta hana mutum aiki da kula da iyali. Haka wanda ke ganin abin da ya faru a hanya yana dawo masa a farke ko a mafarki, ko wanda ya daina wanka da cin abinci, ko ya kama tramadol da giya. Irin wannan a kawo shi asibitin sansani ko ofishin kariya a haɗa shi da masu ba da shawara. Ba hauka ba ne, kuma ba raunin imani ba ne, ana yin addu'a ana neman magani. Wanda kuwa ya ce gara ya bi tsohon, ko ya fara rabar da kayansa yana sallama da mutane, kada a bar shi shi kaɗai, kada a jira gobe, a kawo shi a ranar. Abin da aka faɗa a ɗakin nan, jami'i da tafinta duk an ɗaure mu da alkawarin riƙe sirri. Mace tana da damar cewa mace take so ta yi mata tafinta.

Saura maganar takarda, tunda ba ma rabuwa da ita. In an yi rasuwa a asibiti, a karɓi shaidar likita. A kai ta ofishin magajin gari na gundumar da aka rasu a yi takardar mutuwa, kuma a yi da wuri, domin doka ta sa wa'adi, in ya wuce sai an bi ta kotu. Sannan a sanar da HCR. Mun san wasu na ɓoyewa don tsoron a rage musu rabo. Amma in mamacin shi ne shugaban iyali a rajista, barin sunansa yana iya tsayar da ku ranar tantancewa, ko neman makaranta, ko komawa gida, ko rabon gado can gaba. In kuma rasuwar ta bar yara ba babba a kansu, ko yarinya 'yar shekara goma sha biyar ta zama ita ce uwar gida, duk maƙwabcin da ya sani ya zo ya faɗa mana a ranar aiki ta farko. Ba a biyan ko dala a kan wannan, duk wanda ya nemi kuɗi a hannunku da sunan ofis ku kawo ƙararsa.